Daminar da Malam Isiya Ya Ce Komai Lafiya

Masara ta nuna a Ketare, ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa. Jiya da hantsi na bi ta gefen gonar maƙwabcinmu, na ga goyo ya fara sunkuyawa, ɓawon ya yi baƙi-baƙi don laima. Gonar ba tawa ba ce, kuma mai ita yana da 'ya'ya ƙarti da za su karye ta da zarar rana ta leƙo. Amma warin jiƙaƙƙen ɓawon nan bai bar ni ba har na isa gida, don irinsa na shaƙa a daminar da aka rufe mana sabis na waya.

Ni malamar gona ce, kuma a wancan lokacin aikin iri muke yi. Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗora mana amanar wata masara mai saurin nuna, wadda ciyawar wuta-wuta ba ta cika kayar da ita ba. Mu ne za mu noma ta, mu adana, in damina ta zagayo a raba wa ƙauyuka. Shugabanmu Alhaji Mamman, wanda muke kira Baba Alhaji, yana Faskari, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya amma ya ƙi zama. Lawal yana Kankara, ni ina nan Ketare tare da mata manoma. Malam Isiya kuwa yana Damari, can ƙasar Sabuwa, kuma babbar gonar irin a hannunsa take. Ita gonar iri ba ta son maƙwabtaka, dole ta yi nesa da sauran masara don kada iska ta kawo mata garin furen wata ta gurɓata ta. Shi ya sa aka zaɓi gonarsa, tana bakin daji ita kaɗai. Lokacin da aka zaɓe ta, nisan nan alheri ne.

Tun kafin a rufe sabis ma ba mu cika haɗuwa ba. Hanyoyin sun lalace, ga tsoron masu ɗaukar mutane, saboda haka a waya muke aiki. Kuma Baba Alhaji yana da wata doka da ta ba ni haushi matuƙa da farko. In ka kira shi, zai amsa sallama, ya karɓi gaisuwa guda, kana shirin tambayar iyali da gajiya sai ya katse ka.

"To, mi ya ɓaci?"

Haba! Ni da aka rene ni a kan ba a tarar babba da mugun labari? A gidanmu ko rumbu ne ya kama wuta, sai ka durƙusa ka gaida kaka, ta tambaye ka kwanan yara, ka ce lafiya lau, sannan ka lallaɓa ka kawo zancen hayaƙi. Ranar farko na ce masa, "Baba, ai babu abin da ya ɓaci."

"Binta, gona ce fa," in ji shi. "Gonar da babu abin da ya ɓaci cikinta, mai ita bai je ba."

Ya ce shekarun da ya yi yana aikin gwamnati, ya ga gonaki sun mutu ƙurmus alhali duk wanda ka tambaya cewa yake da sauƙi. Ba don mugunta ba, don kunya, da gudun kada a ce ka kasa. Kuma abin da ya sa dokar ta zauna, da kansa yake farawa. Dattijo mai furfura zai buɗe baki ya ce mana, "Ni na yi wauta, na sa taki ana gobe ruwa mai ƙarfi, duk ya wanke." In shugaba ya faɗi haka, kai wane ne da za ka ɓoye taka? Akwai lokacin da Lawal ya haɗa maganin feshi ba daidai ba, ya ƙone gefen gonar gwaji. Da bakinsa ya faɗa. Ni har na gyara zama in ji faɗa, sai Baba Alhaji ya ce, "Allah Ya yi maka albarka da ka faɗa da wuri. Binta, kina da sauran iri a sake shukawa?" Shi ke nan, aka wuce wurin.

Malam Isiya ne ya fi shan wahalar dokar. Mutum ne mai kawaici, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Sai da Baba Alhaji ya daɗe yana tatsar sa kafin bakinsa ya buɗe. Da ya buɗe kuwa, ya fi mu duka iyawa. Ba ya dariya, amma mu sai mun riƙe ciki. Yau birai sun shiga gona sun zaɓi mafi kyawun goyo kamar an aike su. Gobe akuyar maƙwabci ta ci ganye, ya kai ƙara, mai akuyar ya ce ita ma marainiya ce. Jibi gwiwarsa ce ta ƙi lanƙwasuwa a sallar asuba. Lawal yana kiransa Sarkin Ɓarna, shi kuma ya amsa da cewa rawanin bai iso ba tukuna.

Sai aka wayi gari babu sabis. Hukuma ta rufe shi saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, babur ma sai da lokaci. Na tuna yadda muka riƙa ɗaga waya sama a tsakar gida kamar masu neman wata. Marka ta wuce lokacinta amma ba ta tafi ba. Da safe yayyafi, da azahar rana ta fito da wani zafi mai ɗanko, tufa ta manne a jiki, kafin la'asar hadari ya sake haɗowa daga gabas. Itace ya jiƙe, girki sai da hawaye. Gishiri da manja suka yi wuya, sabulu sai a yanka a raba. Tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje, sabo bai shigo ba, ga shi babu kasuwar da za ka kai akuya ka samo gero. Mu da muke bakin hanya ma mun ji jiki, balle na cikin lungu.

Ni na ɗauka aikinmu ya tsaya ke nan. Ana haka sai ga wani direba ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya miƙo ƙullin leda ɗan mitsitsi, ya ce daga Faskari. Na kwance, na ga memori, ɗan katin nan da ake sa wa a waya. Na sa, na kunna, sai muryar Baba Alhaji.

"Salamu alaikum. Abin da ya ɓaci a wurina, ba na jin ku. Ga yadda za mu yi."

Kowa zai ɗauki muryarsa a kati, ya ba direban da ya yarda da shi, mota ta miƙa wa mota har Faskari. Shi kuma zai kai wa mai shagon caji ya haɗa saƙonnin duka a kowane kati, a mayar mana, don kowa ya ji kowa. Ya ce ba ya son a riƙa yi masa raɗa shi kaɗai, abin da ya shafi iri ya shafi mu duka. Haka muka koma. Katin kan yi kwanaki a hanya, wani lokaci ya zo da warin fetur, wani lokaci da na goro. Ranar da ya iso, nakan gama aikin gida da wuri, in shimfiɗa tabarma a rumfa, in kira matan da muke aiki tare mu saurara. Har suka saba da muryoyin mutanen da ba su taɓa gani ba. In aka zo kan Malam Isiya sai ka ji ana cewa a yi shiru, ga mai birai.

Yanzu ina da yara matasa da nake duba aikinsu a garuruwan nan huɗu, sabis kuma har a gona. Muna ganin juna a waya, fuska da fuska. In na tambayi yadda ake ciki, kafin in ajiye wayar an jero mini hoton babban yatsa. Yaran kirki ne, suna da ƙoƙari, sun fi mu sanin na'ura nesa ba kusa ba. Sai dai nakan zauna ina kallon yatsun nan, ban san wanda ya kwana da ciwon kai a cikinsu ba.

To, ana cikin haka masarar iri ta isa karya. Kowa ya san lissafin ba sai an faɗa ba. In ta nuna ruwa na dukanta, goyo zai sha laima, fumfuna ta shiga, wadda ta faɗi ƙasa ta tsira a jikin totuwa. Irin da ya yi haka ya tashi daga iri. In gonar Damari ta tafi, wahalar shekaru ta tafi, ƙauyukan da aka yi wa alkawari kuma su koma shuka abin da wuta-wuta za ta cinye.

Kati ya iso wata ranar Laraba da rana tsaka. Lawal ya faɗi tasa, ɓeraye sun huda masa buhu. Na ji tawa muryar ina ƙorafin tsutsa. Sai Malam Isiya. Ya yi sallama, ya gaida Alhaji, ya gaida iyalin Alhaji, ya tambayi Lawal da yara, ya tambaye ni da maigidana da mutanen Ketare. Ya yi addu'ar zaman lafiya mai tsawo. Sannan ya ce, "Nan Damari komai lafiya lau. Masara ta yi kyau, sai godiya. Kada kowa ya damu."

Wallahi daɗi na ji. Na ce wa matan, "Kun ji mai sa'a! Ko biran ma sun tuba." Muka yi dariya. Ba mu rufe baki ba muryar Baba Alhaji ta biyo baya, kuma ban taɓa jin ta haka ba, a ƙasa-ƙasa, babu wasa ko kaɗan.

"Binta, Lawal, kun ji Isiya. Mutumin da bai taɓa rasa akuya ko biri ba, yau masara na tsaye cikin ruwa ya ce mana babu abin da ya ɓaci. Ya koma gaisuwar da na raba shi da ita. Ƙaramar ɓarna ce ake faɗi da dariya. Wadda ta hana Isiya magana babba ce."

Na mayar da saƙon Malam Isiya baya na sake saurara, sai a lokacin na ji yadda yake tsayawa yana jan numfashi tsakanin gaisuwa da gaisuwa.

Baba Alhaji bai tsaya jimami ba, ya raba aiki. Ya ce ya san ina da 'yar'uwa da ke aure a Damari, Asabe, ɗiyar ƙanen babana. "Ki aika mata ta shiga gidan. Kada ta tambayi Isiya komi, zai ce lafiya. Ta wuce wurin matarsa, ta duba abin da ke kan murhu." Lawal kuma ya nemi malamin asibiti ya tanadi maganin zazzaɓi ya aika, ko da ba a san ciwon ba, don muryar ta mai jinya ce. Shi Baba Alhaji kuma ya ce zai yi magana da mutanen Damari.

A ranar na ɗauki saƙon Asabe, na bi direbobi ina roƙo har na sami mai zuwa wajen Funtua da ya ce zai miƙa. Daga nan sai jira. Kai, jira ba daɗi! Kullum hadari ya taso sai in tsaya ina kallon kudu, ina cewa Allah Ka sa ba can zai sauka ba. Ina tuƙa tuwo ina lissafin goyo nawa ke faɗuwa. Maigidana ya ce in na ci gaba da haka ni za a kai wa maganin zazzaɓin. Matan ƙungiyarmu, waɗanda su ma ba su da shi, suka fara kawo abin da ya samu ba tare da na roƙa ba. Wannan ta kawo kuka, waccan daddawa, wata tsohuwa ta kawo ɗan geron da ta ɓoye don kunun jikanta. Na ce, "Iya, ba mu ma san ko suna bukata ba." Ta ce, "Mai birai ne fa. Ki aika kawai."

Amsar Asabe ta zo bayan kwanaki, kuma tun daga sallamarta na san ta yi kuka kafin ta ɗauka.

"Yaya Binta, abin ba kyau," in ji ta. Ta ce an zo an kore wa Malam Isiya shanun huɗa tun kwanakin baya. Ya tura samarin 'ya'yansa Zariya wurin dangi don kada a dawo a ɗauke su. Sai zazzaɓi mai zafi ya kayar da shi, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi. Saƙon nan ma a kwance ya ɗauke shi. 'Yan ƙwadago sun ƙi zuwa gonar saboda tana bakin daji. "Na shiga madafa kamar yadda kika ce. Tafasa ce a tukunya, Yaya, tafasa da ɗan ƙuli. Na ce wa matarsa, ga masara can ta nuna, ba za ku karyo ko ta gasawa ba? Ta ce Malam ya hana, ya ce ba tasu ba ce, ta mutane ce."

Na ajiye wayar na rufe fuska da mayafi. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Wane irin mutum ne wannan?

Amma saƙon bai ƙare ba. Asabe ta ce tun kafin nawa ya iso, wani kati ya riga shi zuwa hannun limamin unguwarsu. Bayan sallar Juma'a liman ya ce kowa ya dakata, ya kunna waya ya kara a lasifikar masallaci. Muryar Baba Alhaji ce. Bai yi wa'azi ba, bai ce a taimaka don Allah a dunƙule ba. Sunaye ya riƙa kira, mutum bayan mutum, duk wanda ya san ya taɓa karɓar iri ko shawara a hannun Isiya. Wane, kana da amalanke. Wane, gidanka akwai tamfol. Wane, kai ka san dajin nan, ka gaya musu lokacin da ya fi dacewa a shiga a fito. Ya ce masarar nan ta 'ya'yansu ce, Isiya gadi kawai yake yi, kuma mai gadin ya faɗi. Ya ce kada kowa ya je shi kaɗai, kuma in suka ga babu hali su bar ta, rai ya fi iri. Asabe ta ce su mata suna jiyowa daga cikin gida, mijinta kuwa da ya ji sunansa a lasifika daga bakin mutumin da ke Faskari, ko abinci bai tsaya ci ba.

Daga baya na ji cewa washegari da sassafe aka yi gayya, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Babu kiɗa, babu waƙa, don ba a son a ja hankali. Maza suka shiga a jere suna karya, laka har ƙauri, wasu suna tsaye a gefe suna duban daji. Kafin rana ta take an kwaso ta zuwa gari. Mata suka zauna suna ɓarewa, suna ware wadda ta yi fumfuna, aka baza mai kyau a zaurukan mutane da rumfar makaranta, in rana ta fito a fitar, in hadari ya taso a kwashe da gudu. Wani ɓangare ya lalace, ba a rasa ba. Amma mafi yawa ya tsira. Liman da kansa ya ware wadda ba za ta yi iri ba ya ce a kai gidan Malam Isiya, in ya yi musu a ce umarnin Alhaji ne. Maganin Lawal ya isa, kayan miyarmu ma suka isa.

Ban sake jin Malam Isiya sosai ba sai bayan kaka, ranar da sabis ya dawo. Gari ya ruɗe, kowa na kiran kowa. Da la'asar Lawal ya haɗa mu duka a layi ɗaya. Na yi niyyar in yi gaisuwa ta hankali, amma da na ji muryar Malam Isiya, ta rame amma tasa ce, sai bakina ya riga ni.

"Malam, tsakani da Allah ka kyauta? Kana kwance, yara na cin tafasa, ka ce mana lafiya lau? Mu ba mutane ba ne?"

Sai ya ce, "Malama Binta, ba kunya ba ce, wannan Alhaji ya riga ya cire mini ita. Na san halinsa ne. In na ce ina kwance, ba kati zai aiko ba, da ƙafarsa zai taho. Hanyar nan kuwa a kwanakin ba ta dattijo ba ce. Na ce gara masara ta tafi da a ce an tare Alhaji saboda ni."

Sai Baba Alhaji ya yi gyaran murya.

"Ai na taho, Isiya."

"Na'am?"

"Ranar da na ji saƙonka na fito. Har Dandume na kai, direbobi suka ce ko nawa zan ba su ba za su wuce ba. A tashar na zauna na ɗauki saƙon liman. Da ka faɗa mini gaskiya, da na san ciwo ne da rashin hannu, in aika abin da ya dace daga ɗakina. Da ka ce lafiya lau, ban san mi zan tarar ba, shi ya sa na hau hanya."

Ban taɓa jin babban mutum yana kuka a waya ba sai ranar. Malam Isiya yana ta cewa, "Alhaji, ka yafe ni," muryar na karyewa. Ni ma hawaye nake yi.

"Na yafe," in ji Baba Alhaji. "Amma kada ka ƙara jin tsoro kai kaɗai a madadinmu. In abin tsoro ne, ka faɗa, mu ji shi tare."